Ƙwan Zabo a Ruwan Toka

Sabulun da aka jefo ya daki gefen turmi ya tsage biyu tun kafin Saloma ta amsa sallamar.

"Dubi hannuna!" in ji Zuliha, maƙwabciyarta, tana miƙa su. Fatar ta yi fari fat, tsakanin yatsu ya dare har da jini-jini. "Wanka biyu kaɗai na yi. Sabulu kika saida mini ko wuta? Ina ma ƙamshin? Sai warin murhu!"

Saloma ta ɗauki gutsuren ta taɓa da harshe. Ya cije ta kamar cinnaka. Ba hannun Zuliha ne kaɗai ya tayar mata da hankali ba. Jiya motar soji ta kwashi sittin daga wannan dahuwar zuwa Jiratawa, sansanin da ake tara mutanen da fari ya koro daga arewa. Da shi za a yi wa jarirai wanka, jariran da yunwa ta riga ta cinye fatarsu.

"Zuliha, shafa man kaɗe. Kar ki faɗi ma kowa, don Allah."

"Sabon Gari duk an gani, wa zan ɓoye ma?"

Saloma ta ce wa mijinta Ezra ya kai ta Tibiri wurin Inna Na'omi. Ya tada ɗan babur ɗinsa mobilet, ta hau baya da sabulu ƙulle a bakin zane. Sau biyu jandarma suka tsayar da su kafin Tibiri, duk sau biyun ta ji kamar ƙullin zanen suke kallo. Gonaki fayau, ko kara ɗaya babu.

Inna Na'omi, tsohuwar da ta koya wa matan coci sabulu, tana zaune gindin itacen bedi, Saloma ta miƙa mata sabulun. Ta sansana, ta lasa, ta tofar.

"Ɗiyata, wanga kam jima ake da shi, ba wanka ba. Rage mai kika yi?"

"Ban rage ba, Inna. Man gyaɗa kwano huɗu, duk da tsadarshi."

"Toka hwa?"

"Ta karan gero ce, ta bara. Na tace sau biyu."

"Kin gwada da ƙwai?"

"Na gwada. Ya nutse, na ƙara toka. Ya sake nutsewa, na ɗora ruwan a wuta ya ƙafe. Sai a karo na huɗu ya taso, kanshi ya leƙo yadda kika nuna mana."

Tsohuwar ta ɗago. "Karo huɗu? Ina kika samu ƙwan kaza a wagga shekara? Ni kajina sun ƙare tun watan azumi."

Saloma ta ce, "Na zabo ne. Wata Bafillata ta kawo."

Inna Na'omi ta dafe kai da hannu biyu.

"Wayyo Saloma! Ƙwan zabo ɓawo gare shi kamar tsakuwa. Kafin shi taso, ruwan tokar ya wuce misali, man ba shi iya shanye shi. Ragowar ita ke cin fatar mutane. Turaren kuma, na san ki da gaggawa, tukunya na tururi kika zuba."

"Soji na jiran sabulun, Inna."

"To rabi ya bi tururi, rabi toka ta cinye."

"Yana gyaruwa?"

"Wanda ke hannunki, i. Ki goge shi a magogi, ki narka da ɗan ruwa, ki ƙara man kaɗe ludayi biyu. Sai ya huce har kin iya sa yatsa, sannan turare. Ki ba shi mako uku a inuwa. Nawa ya fita?"

Saloma ta faɗa mata adadin da aka kai wa jariran Jiratawa. Tsohuwar ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da ƙwaryar man kaɗe, duk abin da take da shi.

"Ki kai ma ƴaƴan. Yanzu."

A hanya Ezra ya ce, "In kika je kika ce naki ne, soji ba su san ƙwan zabo ba. Cewa za su yi an sa guba. Tanimu tela kwana goma sha biyu ya yi a rufe a kan maganar da ba ta kai wannan ba."

"In ban je ba, gobe a sake yi musu wanka da shi."

Ya ƙara wa mobilet wuta. Suka biya gida don ta ɗauki tsohon sabulu mai kyau, guda tara da suka rage mata, ta musanya ko kaɗan ne. Tana cikin ɗaure su a tsumma ta ji yaran unguwa sun yi tsit.

Mota ce a ƙofar gida, ba wadda ta zo jiya ba. Wani dogo ya sauko, farar riga a kan wandon soji, baƙin tabarau, fuskar da ba ta taɓa gani a Maraɗi ba. Bai yi sallama ba. Ya dubi Ezra, ya dubi ƙwaryar da ke hannunta.

"Ke ce Saloma mai sabulu?"

"Ni ce, ranka ya daɗe. Yanzu ma Jiratawa za ni."

"Ba sai kin je ba. Daga can nike." Ya buɗe ƙofar baya. "Kumandan na son ganinki. Ki taho da tukunyar da duk abin da kika zuba ciki. Kai kuma, kashe mashin ɗin."