Ƙarfen Don Cipriano

Ranar wata Asabar ce a tsakiyar Oktoba. Iska mai zafi ta wuni tana gangarowa daga duwatsu, da la'asar ta ɗauke cak. Nicanor Funes ya tsaya cikin gonarsa ta inabi yana duban sama. Duk ɗan kwarin Uco ya san irin wannan iska sanyi take ja a bayanta, mai ƙone sabon toho kafin rana ta fito. Amfaninsa na shekara kaf yana jikin tohon nan. Ya jera durom arba'in tsakanin kunyoyi, ya cika su da itacen da zai kunna don ɗumama gonar. Amma da ya ga gajimare ya rufe, sai hankalinsa ya kwanta, don raɓa ba ta daskarewa ta zama ƙanƙara in akwai gajimare.

A da, wani tsoho, Don Cipriano (Don kamar a ce Malam), shi ne ke kwana da ido ɗaya saboda kowa. Yana da guntun ƙarfen titin jirgi rataye a bishiya. In sanyi ya kawo, sai ya buga, kowa ya fito a guje ya kunna wuta a gonarsa. Da ya mutu, 'ya'yansa suka sayar wa kamfanin giyar inabi gonar, har da ƙarfen. Kamfanin ya tuge rabin inabin, ya shimfiɗa ciyawa, ya koma ba da hayar wurin biki. Ƙarfen ya zama abin wasan amare. Da rana tsaka a buga, da asuba mashaya su buga. Sau huɗu Nicanor na fita ba takalmi ya tarar ba komai. Manoma suka kai ƙara, aka ce a jira.

A daren wannan Asabar, gab da asuba, ƙarfen ya yi ƙara. Matarsa Ermelinda ta tashi zaune.

"Tsoho, ka ji?"

"Na ji. 'Yan birni ne, sun sha sun yi tatul."

"Ba kiɗa fa. Tun ɗazu ba kiɗa."

"To ango ya gaji. Kwanta, tsohuwa."

Aka sake bugawa. Uku, shiru, uku.

"Wannan hannun Cipriano ne," in ji ta a hankali. "Su ba haka suke bugawa ba."

"Cipriano na maƙabarta, shi ma kin hana shi barci? In fita su yi min hoto da gajeren wando kamar wancan karon?"

Ya ja bargo. Bai yi barci ba. Yana ji ana bugawa, ba sauri ba fushi, har gari ya fara haske. Ko kare ɗaya bai yi haushi ba.

Da ya buɗe ƙofa, sama fes, ba ɗigon gajimare. Ƙasa fara fat da ƙanƙara. Ya taɓa toho ɗaya, ya ji shi kamar gilashi. Kafin hantsi duk suka yi baƙi suka langaɓe.

Ya nufi ƙofar kamfanin, ya tarar da maigadi Eulogio yana hura hannu.

"Wane ɗan iska ne ya kwana yana buga ƙarfe?"

Eulogio ya daina hura hannu.

"Don Nicanor, ai tun bayan cin abincin dare baƙin bikin suka watse, sanyi ya kore su. Ƙarfen kuma shekaranjiya manaja ya sa aka sauke, saboda ƙararku. Zo ka gani."

Ƙarfen yana kwance a ɗakin ajiya, naɗe cikin buhu, ƙofar da kwaɗo.

"Amma kai ka ji?"

"Na ji," in ji Eulogio. "Shi ya sa ban fito ba."

Gidaje tara ne suka ji bugun a wannan asubar, ba wanda ya fita. Nicanor ya rasa eka bakwai na inabi. Maƙwabtansa takwas sun rasa eka sittin da ɗaya, da gonar tumatir biyu, da ɗan maraƙi guda.