Kati Mai Fanka Uku

Kun gani, kuka kau da kai. Kada wani ya ce mini bai taɓa zama a wurin da aka ture wanda ya san abu gefe, aka miƙa wa mai furfura wuƙa da nama, shi kuma ya sunkuya yana latsa waya ba. To, ga abin da irin wannan shirun ya kusa jawo wa Fiddausi, 'yar Malam Tambari na Runjin Sambo.

Fiddausi tana shekarar ƙarshe a karatun zanen gine-gine. Ranar Alhamis za ta tsaya gaban malamanta ta nuna musu asibitin haihuwar da ta zana, da ɗan bidiyon da zai zagaya da su cikinsa ɗaki-ɗaki. Aikin wata bakwai kaf yana cikin kwamfutar gidansu, wata siririyar tsohuwa da mahaifinta ya samu a gwanjon ofishinsu shekarar da ya yi ritaya. Rubutu kam tana yi ba gardama. Amma da zarar an ce ginin da aka zana ya juya a kan allo, sai ta sandare, fankarta ta kama kuka kamar injin markaɗe.

Ranar Lahadi Fiddausi ta sami mahaifinta a zaure.

"Baba, kati take so. Akwai wani kati da ake sa mata a ciki, shi ke ɗaukar nauyin zane da hoto. Amma bari in buɗe ta in auna wurin tukuna, don gurbi guda gare ta."

"Awon mi?" in ji Malam Tambari. "Atamfa za mu saye? Ke dai ki ji da karatunki. Ɗiyata ba ta shiga gaban malamai da ƙaramin abu."

Litinin da hantsi ya saka babbar riga, ya ɗauki amininsa Maigandi, dillali a kara, kasuwar dabbobi, wanda ya shekara talatin yana tattaɓa gadon bayan raguna. Suka hau keke sai Sabon Gari, shagon Habila mai kayan kwamfuta.

"Baba, wace iri ce kwamfutar taku?" Habila ya tambaya. "Babba ce ko siririya?"

"Ta gwamnati ta."

"To a kawo mini lambarta, ko mai amfani da ita ta zo."

"Yaro, mun sayi raƙumi ba mu tambayi kowa ba. Fiddo muna abin da ag gare ka."

Habila ya jera katuna huɗu a kan kanta. Maigandi ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, yana jinjinawa a tafin hannu, yana taɓe baki. Da ya zo kan na ƙarshe, wani ƙato mai fanka uku, tsawonsa ya kusa kamu guda, sai fuskarsa ta washe.

"Wanga ya ci abinci," ya ce. "Tambari, in layya za ka yi, da shi za ka yi."

Habila ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi furfurar mutanen nan biyu, ya mayar da bakin ya rufe. Ya dai ce kada a yar da kwalin.

Da yamma Fiddausi ta kwance murfin kwamfutar, ta kara katin. Ya fi akwatin tsawo, ya fi shi faɗi. Ga kuma wani soket mai ido takwas a gefensa yana jiran wayar wuta, alhali ɗan akwatin wutar da ke cikin kwamfutar ba shi da irinta, ba shi ma da ƙarfin ciyar da shi. Ta faɗa wa mahaifinta a hankali.

"Bai shiga?" ya ce. "To akwatin a da laifi. Gobe Garba na zuwa."

Garba mai walda ne a bakin titi. Talata da safe sai ga shi da injin yankan ƙarfe a kafaɗa. Aka fito da kwamfutar zaure, aka kwantar da ita a kan tabarma kamar mara lafiya. Maigandi ma ya zo ganin aikin zaɓinsa. Garba ya ciro alli a bayan kunne, ya ja layi a gefen akwatin.

"Nan za mu fasa mata taga, Malam. Rabin katin shi kwana waje, shi sha iska."

Fiddausi tana bayan ƙofa tana jin su. Ta san garin ƙarfe kaɗai in ya zuba a kan allon ciki, kwamfutar ta gama yawo, ga Alhamis saura kwana biyu, ga shi babu wata da za ta ara mai manhajar zanen. Ta kuma san ɗiya ba ta ce wa mahaifinta ya yi kuskure a gaban baƙi. Kunya abin ado ce, ban musa ba. Amma kunyar da za ta bar injin yanka ya hau kan aikin wata bakwai, a kai ta kasuwa.

Ta koma ciki ta damo fura, ta fito da ita a kwanon sha, ta durƙusa gaban Maigandi.

"Baba Maigandi, tambaya gare ni, ta sana'arku."

"Faɗi, 'yar boko."

"In mutum na da ɗakin akuya, sai a kawo mai bijimi, ɗakin ake fasawa?"

"Wane mahaukaci?" Maigandi ya kurɓi fura. "Ko ka fasa, rufin bai ɗaukar tozonai."

"To in an samu ya shiga, dusar akuya na isar shi?"

"Kwana ukku ya faɗi! Kowace dabba da cimarta, kowace da..." Ya tsaya. Ya dubi katin, ya dubi akwatin, ya sake duban katin. Sai ya fashe da dariya har fura ta sarƙe shi. "Tambari, yarinyar ga ta ɗaure mu da igiyarmu!"

"Kai ka jinjina shi," in ji Malam Tambari, yana gyara hula.

"Kai kac ce a fiddo babba!"

Garba ya goge layin allinsa da gefen riga, ya ce shi dai a ba shi sauran furar.

Fiddausi ta ɗauko tef ɗin ɗinkin mahaifiyarta ta auna cikin akwatin, ta rubuta lambar kwamfutar a takarda. Suka koma Sabon Gari ita da mahaifinta. Da farko ya ce a keke zai jira, mayar da kaya ba aikin dattijo ba ne. Minti biyu bai cika ba sai ga shi a bakin kanta.

Habila ya karanta takardar, ya karɓi ƙaton a kwalinsa, ya miƙo wani ɗan kati gajere mai fanka ɗaya, wanda gurbin kaɗai ke ba shi wuta.

"Wanga ɗan tsako?" Malam Tambari ya riƙe shi da yatsa biyu. "Habila, ka ji tsoron Allah."

"Baba, shi na so in ba ku tun jiya."

"To mi ya hana ka faɗi?"

Habila ya sosa ƙeya.

Katin ya zauna a gurbinsa ɗas, murfi ya rufu. Ba zan yi muku ƙarya in ce kwamfutar ta koma sabuwa ba. Bidiyon ya cinye wunin Laraba kafin ya haɗu, Fiddausi tana zaune gabanta da mafici saboda zafi. Amma ginin ya juya, ƙofofinsa suka buɗe. Ranar Alhamis ta zagaya da malamanta cikin asibitinta, har wani ya ce ta mayar da su ɗakin jira su sake ganin tagogin.

Malam Tambari kuwa, a majalisarsu bayan la'asar, aka ji yana ba da labari cewa shi tun asali bai yarda da manyan katuna ba.

Ku bar dariya haka nan. A gidanku akwai wanda kuka kai makaranta, kuma akwai abin da kuke shirin yankewa a fannin da ya karanta ba ku tambaye shi ba. Ku kira shi yau, ku zaunar da shi, ku tambaye shi, ku yi shiru har ya gama magana.