Da Sauƙi

Ni tafinta ne a asibiti. Likitarmu baƙuwa ce, ba ta jin Hausa, marasa lafiya kuma ba sa jin yarenta, sai na zama bakin kowa.

Sati biyu kafin abin ya faru, shugaban sashe ya kira ni ofis ya wanke ni tas, wai ina ƙara wa magana gishiri. "Kai ba likita ba ne. Abin da aka faɗa shi za ka faɗa. Ka sake, ka nemi wani aikin." 'Ya'yana huɗu. Na ce to.

Ranar Laraba wata mata ta kawo mahaifinta, tsohon tela, har da guntun zare maƙale a hannun rigarsa. Kwana uku ƙirji na damunsa. Gado ɗaya ya rage a ɗakin maza, mutum biyu ke nema. Likita ta ce in tambaye shi yadda yake ji yau.

"Baba, ya jikin?"

Tsohon ya daure ya gyara zama, har da murmushi. "Da sauƙi, ɗana. Alhamdu lillahi."

Haba! Wa ya sha nonon Hausa bai san wannan sauƙin ba? Dattijo ba ya kai ƙarar Ubangijinsa gaban baƙo. Uwata ma "da sauƙi" ta ce mini da safe, ba ta kai azahar ba.

Na dubi ƙofa, ga shugaban sashe tsaye. Wallahi tsoro ne ya kama ni. Na ce wa likita, "Ya ce ya ji sauƙi."

Ta rubuta magani, ta ce ya je gida ya huta. Aka ba ɗaya mutumin gadon.

"Malam, me ka gaya mata?" in ji 'yar.

"Abin da ya faɗa, 'yar'uwa."

Ranar Juma'a ta dawo ita kaɗai, riƙe da ledar maganin, ko rabi ba a sha ba. Likita ta gane ta, ta tambayi jikin tsoho. Matar ba ta dube ta ba, ni ta tsare da ido.

"Baba ya huta. Faɗa mata, tunda ka iya."

Na san hutun da take nufi, wanda ba a tashi ne. Na faɗa yadda ta faɗa, ban ƙara komai ba.

Likita ta washe baki, ta dafa kafaɗar matar. "Madalla! Ce mata ya ci gaba da hutawa."

Su biyun suka juyo, suna jira in fassara.