Kiyashi a Tabarmar Rahama

"Ke kinka kwantar da jikata, Baraka. Ke, ba kowa ba."

Haka Inna Altine ta faɗa a ƙofar ofishin shugabar makarantar kwana, ko sallama babu, da naɗaɗɗiyar tabarma a hammata. Malama Baraka, mai kula da ɗakin kwanan 'yan mata, ta kawar da kai.

Tun tana shekara uku Rahama ta bar fitsarin kwance. A hannun Altine aka yaye ta, ita ta sani. Sai bana, yarinya ta shekara sha biyu, ta zo hutu Gidan Katta duk ta rame, ba ta rabo da gindin randa, kullum safiya tabarma sharkaf. Abin da ya tsaya wa tsohuwar a rai shi ne kiyashi. Da an shanya tabarmar sai su rufe daidai inda ta jiƙe, baƙi ƙirin. 'Ya'ya tara ta raina, ba ta taɓa ganin kiyashi sun bi fitsari ba.

Ranar komawa makaranta ta hau kabu-kabu har Illela ta gaya wa Baraka. Baraka ta yi dariya.

"Inna, lalaci ne kawai. Mun saba da irinsu. Bar min ita, sati biyu ta daina."

Altine ta bar mata ita. Ta ce a ranta masu boko sun fi ta sani. Wannan ne ya hana ta cin abinci har yau.

Maganin Baraka shi ne hana ruwa. Daga azahar ba kurɓi ɗaya, cikin zafin bazara. Ta sa manyan ɗalibai suka ƙwace kofin yarinyar, suka tsare famfo. Da safe kuma Rahama ta ɗauki katifarta a ka ta zagaya fili ana yi mata ihu. Rana ta tara aka kama ta bayan kicin tana shan ruwan wanke-wanke, aka yi mata bulala. Kwana biyu bayan nan ta yanke jiki ta faɗi a layi.

Yau kwananta huɗu a asibiti a Sakkwato, ba ta buɗe ido ba. Likita ya ce ciwon suga ne, da ɗigon jini ɗaya daga yatsa ake gane shi. Ya tambayi Altine wa ya hana yarinyar ruwa. Bai ce za ta tashi ba, Altine kuma ta kasa tambaya.

"Inna, haƙuri za a yi, ƙaddara ce," in ji shugabar makarantar. "Zauna a kawo miki ruwa."

"Ashe kuna da ruwa."

Altine ta warware tabarmar a kan siminti, ta nuna tabon da yatsa.

"Ga shi nan. Ni da ban san bihim ba na gani, na tako na faɗi. Kiyashi ma sun san ɗiyag ga ba ta da lafiya, ku da takardunku ba ku sani ba. Mi ta yi muku?"

Baraka ta soma cewa dokar makaranta ce. Altine ta zauna a kan tabarmar, ta miƙe ƙafa, ta tare ƙofar.

"To a kira min wanda ya kafa dokar. Likita ya tambaye ni wa ya hana ta ruwa, ban da amsa. Ba ni tashi nan sai ɗayanku ya bi ni Sakkwato, ya tsaya kan gadon Rahama ya faɗi da bakinai."