Katifar Tsalle

A shekarar ƙarin albashin Udoji gwamnati ta aiko wa makarantarmu da ke kusa da Faskari katifar soso, don masu tsallen sama su riƙa faɗawa a kai. Kwana biyu ta yi a sito ta ɓace. Kowa ya san tana ɗakin hedimasta, Malam Harisu.

Ni ne malamin wasanni. Tun rasuwar matata Safara'u tabarma ta ishe ni kwanciya, amma ɗalibina Maharazu da baya yake tsallake sanda, ga gasa ranar Asabar. In ya faɗo a yashi, ƙashin bayansa ne zai tafi.

Na sami hedimasta a ofis na ce, "Ranka ya daɗe, an ce babban jami'in ilimi zai zo. Wai sabon tsari, hedimasta ne zai buɗe gasa da tsallen farko."

Ya dubi tumbinsa. "Ni? Bisa mi zan faɗo?"

"Bisa yashi mana. Ai ɓarayi sun ɗauke katifar, Allah ya isa."

"Malam Rabo, bar saurin yin Allah ya isa. Ƙila a gan ta."

Washegari da safe sai ga katifa a fili, wai a bayan sito aka tsince ta. Jami'i bai zo ba, don ba wanda ya gayyace shi. Maharazu ya tsallake sanda lafiya, ya faɗa daidai cikin ramin da hedimasta ya yi wata uku yana haƙa masa da bayansa a katifar.