Rafin da Na Busar da Alƙalami

Shekara talatin da ɗaya ina zanen taswira a ofishin safiyo a nan Bauchi, ba a taɓa dawo mini da aiki a ce in gyara ba. Ina taƙama da wannan, ba na ɓoyewa. Aikina na ƙarshe kafin ritaya taswirar wasu duwatsu ce can kudu, inda ko babur ba ya shiga. Daga hoton da jirgin sama ya ɗauka na zana ta, ban taɓa taka wurin ba. Ranar Litinin za a kai ta wajen bugawa.

Ranar Juma'a maƙwabcina na unguwar Inkil, Hammawa, ya biyo ta ofis mu tafi masallaci. Tsohon makiyayi ne, ciwon gwiwa ya zaunar da shi a gari. Ko baƙi bai sani ba, amma ya sunkuya kan teburina kamar mai taya saniya a kara.

"Malam Mika'ilu, waɗannan tsutsotsin fa?"

Na ce layukan tudu ne, inda suka matsu da juna, nan dutse ya miƙe tsaye. Ya bi su da yatsa a hankali, can sai ya fara murmushi. Wallahi ya gane wurin! Har ya nuna mini gangaren da bijiminsa ya taɓa karyewa.

Sai yatsansa ya tsaya kan wani shuɗin layi mai tsinke-tsinke.

"Wannan me ya sa ka yayyanka shi?"

"Alamar rafi ce mai ƙafewa da rani."

"Wa ya ce maka yana ƙafewa? Rani goma sha biyu a nan nake shayarwa. Itatuwa ne suka rufe shi, jirginka bai gani ba."

Raina ya ɓaci ƙwarai. In na ja bakina, wa zai hau dutsen nan ya ƙaryata ni? Amma wata rana wani zai buɗe takardar nan a tsakiyar daji, ya kauce wa ruwa da ƙishirwa a wuyansa saboda ni.

Na ɗauko shuɗiyar tawada na shiga haɗe layin gaɓa-gaɓa, shi kuwa ya tsaya a kaina yana ta "ɗan yi hagu", sai ka ce shi ne shugaban ofis. Abin mamaki, daɗi na ji.

Da na kai ƙarshe ya daɗe yana kallon layin.

"Yauwa," in ji shi. "Ka mayar masa da ruwansa."