Faifan Bayan Katanga

"Ɗangiwa! Ashe yau ma ba ka barin mu mu ji da tsufanmu?"

Muryar Malam Attahiru ce ta ƙetaro katanga, daidai lokacin da Ɗangiwa mahauci ya ɗora allura kan faifai bayan sallar la'asar. Ko kai bai ɗaga ba. Ya gyara akwatin garmahon ya fuskanci katangar da ta raba gidajensu, ya koma kan tabarma.

"Malam, cikin gidana nike."

"Gidanka na, amma kunnuwan nawa na. Mutum da furfura shina wasa da akwatin Nasara!"

"To ka toshe su."

"Allah shi shirye ka."

"Amin, mu duka."

Molo ya fara kuka a hankali, muryar wani tsohon makaɗi ta biyo shi, yana waƙar ruwan fari da gero. Ɗangiwa ya kasa kunne, amma ba ga waƙar ba. Can sai ya ji abin da yake jira: ƙarar buzu ana jan sa a ƙasa har gindin katanga, sannan ludayi ya taɓa ƙwarya.

Shekara talatin suna maƙwabtaka a Tambuwal, ɗaya na yanka, ɗaya na rubutu. Alƙur'ani goma sha ɗaya Malam ya rubuta da hannunsa. Shekarar da aka samu mulkin kai idanunsa suka dushe, kafin damina ta zagayo matarsa Mardiya ta rasu. Daga nan ya shige ɗaki. Ya sallami masu ɗaukar karatu, ya daina aski, abinci sai a kai a ɗauke yadda aka kai shi. An yi rubutu, an yi hayaƙi. Malamin asibiti ya zo da kekensa, ya auna shi, ya ce jiki lafiya lau, ba allurar da zai yi masa.

Ɗangiwa bai yi karatu ba, amma ya yi shekaru yana kora shanu zuwa Kurmi. Ya san cewa sa in ya daina tuƙa ya tsaya yana kallon waje guda, ba ya kai zango. Ya kuma ga Fulani suna busa wa irin wannan sa sarewa har ya sunkuya ya ci ciyawa. Garmahon nan ma a can ya sayo shi, da faifai huɗu. Ranar da 'yar Malam, Ni'imatu, wadda ta dawo gida jinyarsa, ta gaya wa matar Ɗangiwa cewa Baba ba ya shan fura sai da la'asar, Ɗangiwa ya lissafa, ya ga lokacin da yake sa faifai ke nan. Washegari ya sa faifan kalangu, bai ji ko tari ba daga bayan katanga. Da ya sa na molo, sai faɗa ya tashi. Tun daga ranar ya gane faɗan nan shi ne godiyar Malam, ba shi da wata hanyar yin ta. Wata biyar ana haka, har Malam ya kira wanzami.

Ran nan babban ɗan Malam, Lauwali, mai karantarwa a Kebbe, ya zo gaisuwa. Yana zaune gaban mahaifinsa aka sa faifai, ya kuma ji da kunnensa tsoho na cewa a bar shi ya ji da tsufansa. Kafin faifan ya kai rabi ya yi sallama a zauren Ɗangiwa. Ya durƙusa, yaron kirki ne.

"Baba Ɗangiwa, don girman Allah roƙo niz zo yi. Kai ma uba na gare ni. Tsohon ga bai da lafiya, kuma ka ji da kanka wanga kiɗi na cutatai."

"Shi yac ce ka zo?"

"Ai ba sai ya ce ba, Baba. Kullum, an ce, sai ya yi magana."

Ta yaya Ɗangiwa zai dubi ɗa ya ce masa ubanka, wanda garin nan ke tashi tsaye in ya wuce, molo ke riƙe da ransa? In maganar ta fita, har kasuwa sai ta kai, kuma Malam zai gwammace kabari da ita.

"Na ji, Lauwali. Tashi."

Ya ɗauke allurar. Kwana huɗu unguwa tsit. Da la'asar yana jin an ja buzu zuwa katanga, a daɗe, a sake ja a mayar. Ran na biyar Lauwali ya ce zai tafi da tsoho Kebbe ya canza iska, gidansa ba hayaniya. Da aka fito da Malam za a kai shi tashar mota, ya tsaya a ƙofar Ɗangiwa, idanunsa fari fat suna duban sama da kan mutum.

"Mahauci, mun samu lafiya da kai."

"Kun samu, Malam."

"Akwatin ya lalace na?"

"Lafiya lau shike."

Malam ya jinjina kai. "To," ya ce. Lauwali ya ja hannunsa.

Kwana goma sha biyu Ɗangiwa na zuwa mahauta yana dawowa, gidan maƙwabci a kulle. Sai ran kasuwa Sambo mai daddawa, mutumin Kebbe, ya tsaya gaban teburinsa ya ce Ni'imatu ta ba shi saƙo. Baba kwana shida ruwa kaɗai ke shiga cikinsa, ya juya fuska ga bango, ko ita ba ya amsa wa. Ta ce a faɗa wa Baba Ɗangiwa kawai, shi ya san sauran.

Ɗangiwa ya ajiye wuƙa, ya bar wa ƙaninsa naman. Washegari da safe ya naɗe garmahon cikin bargo, faifan kuwa ya sa shi cikin riga, a ƙirji. Motar ta yi ta faɗawa ramuka, sau biyu aka sauka aka tura ta cikin yashi, shi dai hannunsa na kan ƙirji. Wani fasinja ya tambaye shi ko ciwon zuciya gare shi. Ya ce, "Na wani na nika ɗauke da shi."

Ya isa Kebbe ana kiran la'asar. Ya yi salla, ya tambayi gidan Malam Lauwali, amma bai nufi zaure ba. Ya zagaya baya. Ni'imatu na shanya a bakin danga, ta gan shi ta rufe baki da mayafi, sannan ta nuna masa wani ɗaki da haɓa. Ɗakin na da 'yar taga can sama, da ƙyar hannu zai shiga. Akwai dogonyaro kusa. Ya zauna a gindinsa kamar baƙon da gajiya ta kayar, ya kwance bargo, ya murɗa, ya ɗora allura.

Molo ya fara. Awaki biyu suka tsaya suna kallonsa. Faifan ya ƙare, ba motsi. Ya sake murɗawa. Ana cikin na biyu Lauwali ya zagayo da sauri, takalmi a hannu.

"Baba Ɗangiwa! Har nan? Mi munka yi maka?"

Ɗangiwa ya ɗaga masa hannu. "Tsaya. Saurara."

Daga cikin tagar wata murya ta fito, siririya kamar zare.

"Wane marar kunya na... ya biyo ni har Kebbe?"

"Ni na, Malam. Bisa hanya nike, hanya kau ta kowa ta."

"Mutum da furfura..." Tari ya sarƙe shi. Aka jima. "Ni'imatu. Ina furar ga?"

Lauwali ya tsaya da takalmansa a hannu. Ya dubi tagar, ya dubi akwatin, ya dubi Ɗangiwa. Sai ya sulale ya zauna a ƙasa cikin fararen kayansa, ya dafe kai. Da sautin ya fara ja baya yana nauyi, ya ce a hankali, ba tare da ya ɗago ba, "Baba, murɗa mai."

Ludayi uku Malam ya sha, Ni'imatu ta ce. Ya ce a gaya wa mahauci Allah ya shirye shi. Ya tambaya ko gero ya fara fitar da kai a Tambuwal. Amma jiki ya riga ya yi nisa. Washegari da hantsi ya cika, Lauwali na riƙe da kansa yana laƙƙana masa kalmar shahada. Ɗangiwa na cikin waɗanda suka ɗauki makara. Bai yi wa kowa zancen faifan ba, Lauwali ma haka. Da zai hau mota, Lauwali ne ya ɗauko akwatin da kansa ya miƙa masa sama.

Bayan sadakar bakwai aka buɗe gidan Malam za a share. Ɗangiwa ya shiga, karo na farko da ya ga katangar daga wancan gefen. Daidai tsayin kan mutum a zaune, yaɓen ya yi sumul, ya yi duhu da maiƙo.

Da la'asar ya fito da garmahon, ya juya shi ga katanga, ya sa faifan. Ya zauna ya kasa kunne. Tsohon makaɗin ya gama waƙar geronsa, allura ta kai tsakiya tana shuu, shuu, tana zagaye waje guda. Wata kurciya ta sauka kan katangar, ta leƙa wancan gefen, ta leƙo wannan. Ɗangiwa bai tashi ya ɗauke allurar ba.